Layi biyu sun ƙi ɗauruwa dami ɗaya: matsalar MLPPP da kamfanin intanet

Ɗan Zoo Road:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masana harkar rauta.

Shagon buga takardu da manyan allunan talla ne a wajen Zoo Road. Layi biyu muke da su daga kamfanin intanet ɗaya, kowanne megabit 20 sama da ƙasa. Rediyo biyu ne a kan rufi, kowacce da wayarta zuwa rautar MikroTik, ɗaya a ether1, ɗaya a ether2. Da PPPoE ake shiga, wato shiga layin kamfani da suna da kalmar sirri. Buƙatarmu ita ce idan za mu tura fayil guda mai nauyin gigabayit biyu ko uku, ya tafi da ƙarfin layukan duka, wato kusan 40, ba 20 ba. Shi ya sa na nufi MLPPP, wato multilink, hanyar ɗaure layuka biyu ko fiye su zama dami ɗaya.

Ga abin da na saka:

`/interface pppoe-client add name=pppoe-out1 interface=ether1,ether2 user=SUNA password=SIRRI mrru=1500 add-default-route=yes disabled=no`

Idan na bar ether1 ita kaɗai, yana hawa lafiya lau. Haka ma ether2. Da na haɗa su sai `monitor` ya nuna min active-links: 1, ba ya wuce nan. Na kunna rajistar ppp da debug, ga abin da ke fitowa a duka layukan biyu, na taƙaita shi:

`sent LCP ConfReq id=0x1 <mru 1492> <magic 0x5c1e02a7> <mrru 1500>`
`rcvd LCP ConfRej id=0x1 <mrru 1500>`
`sent LCP ConfReq id=0x2 <mru 1492> <magic 0x5c1e02a7>`
`rcvd LCP ConfAck id=0x2`

Na gwada mrru 1600, na gwada 1524, duk kanwar ja ce. Masu amsa waya a kamfanin sun ce ɓangarensu ƙalau yake tunda intanet na zuwa. Wace lamba ya kamata in saka?

Injiniyan Bompai:

Wa alaikumus salam. Malam, ka daina wahalar da kanka da sauya lamba, babu wadda za ta shiga. Amsar tana cikin layi na biyu na rajistar da ka kawo.

LCP, wato matakin da rautarka da na'urarsu suke daidaita sharuɗɗan layi, ciniki ne, kamar na Kantin Kwari. ConfReq tayi ne. ConfAck shi ne "na sallama". ConfNak shi ne "albarka, amma kawo kaza", kuma a cikinsa za ka ga lambar da suke so. ConfRej kuwa ba maganar farashi ba ce, mai shago ne ya ce maka ba ya sayar da wannan kayan kwata-kwata. Da a ce girman ne bai yi musu ba, ConfNak za ka gani ɗauke da wata mrru. Tunda ConfRej ne, na'urarsu ba a kunna mata multilink ba, ko kuma ba ta iya shi. Zaɓin MRRU, mai lamba 17 a jerin zaɓuɓɓukan LCP, aiki biyu yake yi a ƙa'idar RFC 1990 ta shekarar 1996: yana faɗar girman fakitin da za ka iya sake haɗawa daga gutsattsari, kuma zuwansa a cikin tayi shi ne sanarwar cewa kana son multilink. An ƙi shi, magana ta ƙare. Rautarka ta cire shi ta sake tayi, aka sallama, ka samu PPPoE na yau da kullum. Shi ya sa intanet ke zuwa, kuma shi ya sa masu amsa waya suke ganin babu matsala. Ta wajensu gaskiya suka faɗa.

Ka riƙe jerin matakan a kai, domin kowane lalacewa da matakinsa. Da farko neman na'urar karɓar layi: PADI, PADO, PADR, PADS. Sai LCP. Sai tantancewa da PAP ko CHAP. Sai ɗaurin dami. Sai IPCP, inda ake ba ka adireshin IP. Abin lura a nan shi ne IPCP sau ɗaya tak ake yin sa, a kan damin gaba ɗaya. Layi na biyu idan ya gama tantancewa shiga dami kawai yake yi, ba a ba shi nasa adireshin. Duk ranar da ka ga layi na biyu ya yi IPCP ya karɓi wani IP daban, to zama biyu kake da su, ba dami ba.

Kuma ciniki ta fuska biyu ake yin sa. Bai isa su sallama maka mrru ɗinka ba, dole su ma a nasu ConfReq ɗin ka ga mrru. Ka nemi layin da ya fara da `rcvd LCP ConfReq` ka duba.

Abu biyu za ka yi yanzu. Na farko, kashe pppoe-out1 na ɗan lokaci ka gudanar da wannan a kowace kafa:

`/interface pppoe-client scan ether1`
`/interface pppoe-client scan ether2`

Ka rubuta ac-name, wato sunan na'urar karɓar layi, da adireshin MAC da kowacce ta nuna. Na biyu, ka tsallake teburin amsa waya, ka nemi a haɗa ka da mai kula da sabar PPPoE ɗinsu. Kada ka ce masa "intanet ba ya gudu". Ka tura masa layukan nan huɗu, ka tambaye shi ko suna ba da MLPPP a kan layi fiye da ɗaya, da waɗannan kalmomin.

Ɗan Zoo Road:

Ranka ya daɗe Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na samu injiniyansu, ya ce ya kunna. Yanzu mrru ta samu ConfAck a duka biyun, kuma a nasu tayin akwai mrru. Amma ga sabon abu: layin da ya riga shiga yana samun CHAP Success, na biyun kuma CHAP Failure, alhali suna da kalmar sirri ɗaya ne. Idan na zare wayar ether1 na jira kamar minti biyu, ether2 sai ta shiga ba gardama.

Scan kuma ya nuna ac-name biyu daban, MAC ma daban. Rediyo ɗaya tana kallon ƙarfen sabis ɗinsu na wajen Tarauni, ɗayar tana kallon na wajen Sharaɗa. Da gangan aka yi haka wai don idan ɗaya ya faɗi ɗaya ya riƙe.

Malama Kabuga:

Matsala biyu ce a nan, kuma ta biyun ta fi ta farkon girma nesa ba kusa ba.

Ta farko mai sauƙi ce. Kalmar sirrin da take aiki ita kaɗai amma a ƙi ta idan 'yar'uwarta tana ciki, iyakar zama ce a sabar RADIUS, wadda take tantance suna da kalmar sirri. A FreeRADIUS sunanta Simultaneous-Use, kuma galibin kamfanoni 1 suke sakawa don kada mutum ya raba akawun ɗinsa da maƙwabta. Kowane layi a cikin dami sai ya yi tasa tantancewar, saboda haka a idon RADIUS mutum biyu ne suke shiga da suna ɗaya. Ka ce su mayar da ita 2. Akwai kuma Port-Limit, sifa mai lamba 62, wadda take gaya wa na'urar karɓar layi iyakar layukan da za ta bar wa mai akawun. Idan suna aika ta, ita ma 2. Minti biyun da kake jira lokacin da na'urarsu take ɗauka ne kafin ta gane layin farko ya mutu ta sanar da RADIUS. Ka sa wannan a ranka saboda ɗauke wuta: rautarka ta mutu ba sallama, ta dawo cikin minti ɗaya da janareta, tsofaffin zama biyu suna nan a rubuce, sababbin biyu sai a kore su har sai tsofaffin sun fita. Ƙaramin batir a kan rauta da rediyoyin yana maganin wannan.

Ta biyu. Dami a cikin na'ura ɗaya ake ɗaure shi. Rautarka za ta yanka fakiti gida biyu, ta sa wa kowane gutsure lambar jeri, da alamar B a na farko da E a na ƙarshe, ta jefa ɗaya ta Tarauni ɗaya ta Sharaɗa. Wa zai haɗa su? Na'urar Tarauni tana riƙe da rabi, ta Sharaɗa tana riƙe da rabi, babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta. Ko an gyara RADIUS, abin da za ka samu shi ne dami biyu, kowanne da layi ɗaya a ciki. Na'ura tana gane cewa layuka biyu na mutum ɗaya ne ta hanyar sunan da aka tantance da kuma Endpoint Discriminator, zaɓi mai lamba 19, wanda tambari ne da kowane ɓangare yake gabatar da kansa da shi. Naka dole ya zama iri ɗaya a layukan biyu, nasu ma dole ya zo iri ɗaya. Na'ura biyu, tambari biyu.

Hanyar da za su bi, idan suna so: su ɗauko layukanka biyu a kan VLAN, wato keɓaɓɓiyar hanya a cikin wayoyinsu, daga kowane ƙarfen sabis har zuwa na'urar karɓar layi guda a babban ofishinsu, kowane layi da tasa VLAN. Ko su tura zaman biyu ta ramin L2TP zuwa LNS ɗaya, wato na'urar da ramin yake ƙarewa a kanta. Masu Cisco suna da SGBP na haɗa dami tsakanin na'urori da yawa, amma da wuya ƙaramin kamfani ya tayar da shi saboda kwastoma ɗaya.

Sai tambayar da za ta raba gardama: wace irin na'ura ce sabar tasu? Ƙananan kamfanoni da yawa a nan MikroTik suke amfani da ita, kuma bayanin da MikroTik da kansu suka rubuta ya ce MLPPP a kan layuka da yawa ɓangaren mai kira kawai RouterOS, manhajar rautocinsu, take yi, ba ɓangaren saba ba. Saba tana da gurbin mrru, i, amma wannan na multilink a kan layi ɗaya ne, don a wuce da babban fakiti ta hanyar yanka shi. Saboda haka "na kunna" da injiniyansu ya ce zai iya zama gurbin nan kawai ya cike. Za ka ga ConfAck mai kyau, dami kuwa ba zai taɓa ɗaukar layi na biyu ba. Idan Cisco ce, `ppp multilink` ake sakawa a Virtual-Template, kuma `show ppp multilink` zai nuna masa damin da sunanka da adadin layukan da ke ciki. Ka ce ya turo maka hoton wannan.

Idan kana son ka gani da idonka ba tare da jiran kowa ba, kwamfutar Linux mai kafar waya biyu ta isa, ko ka sayi adaftar USB guda a Farm Centre. Ka sa suna da kalmar sirri a /etc/ppp/chap-secrets, ka buɗe taga biyu:

`pppd plugin pppoe.so nic-eth1 user SUNA noauth nodetach debug multilink mrru 1500 endpoint local:6b.61.6e.6f`

A taga ta biyu ka maimaita da nic-eth2, komai sauran iri ɗaya. Idan pppd ɗinka ya girmi 2.4.9, sunan fulogin rp-pppoe.so ne. Na farko zai rubuta `New bundle ppp0 created`. Na biyu, idan abu ya yi, zai rubuta `Link attached to ppp0`. Idan ya buɗe ppp1, duba endpoint ɗin da ya zo a nasu ConfReq, za ka tarar ya bambanta. Idan kuma ka ga `oops, multilink negotiated only for receive`, sun karɓi naka ne amma ba su nemi nasu ba.

Mai Eriya:

Malama ta gama da ɓangaren saba. Ni ta rufi zan shigo, domin ko sun ɗaure maka damin, a kan rediyo ne ake shan mamaki.

Multilink an fara ƙera shi ne don layuka masu hali ɗaya, irin tashoshin ISDN biyu na kilobit 64 da ake haɗawa su zama 128. Jinkirinsu ɗaya, gudunsu ɗaya. Rediyo biyu masu kallon ƙarfe biyu daban ba su da wannan. Mai karɓa ba zai saki fakiti ba sai gutsattsarinsa sun cika kuma bisa jeri, don haka layi mai sauri kullum yana jiran mai nawa. Yi lissafi: idan ɗaya ta ja baya da milisakan 30 a gudun megabit 20, bayit 75,000 ne za su taru suna jira, kusan fakiti 50 cikakku. Ma'ajin jira ya cika, a fara zubarwa. Sannan asara tana ninkuwa: fakitin da aka raba biyu, gutsure ɗaya ya ɓata, ɗayan ma ya zama shara. Layi biyu masu asarar kashi 1 cikin 100 kowanne sun zama kusan kashi 2, kuma TCP yana ganin asara yake rage gudu. Sakamakon da ake yawan gani shi ne dami ya hau, active-links ya nuna 2, gwajin gudu ya ba da ƙasa da abin da layi ɗaya yake bayarwa. Idan gudun layukan bai zo ɗaya ba kuma, yawanci ninki biyu na mai rauni za ka samu.

Kafin komai ka auna kowane layi shi kaɗai. Ping 1,000 zuwa ƙofar kamfanin, da rana lokacin da kasuwa ta cika, ba da asuba ba, kuma kana tura fayil a lokacin. Ka rubuta matsakaici, mafi tsawo, da asara. Idan tazarar matsakaicin layukan biyu ta wuce 'yan milisakan kaɗan, ko mafi tsawon yana tsalle zuwa ɗaruruwa, ni dai ba zan ba ka shawarar MLPPP ba.

Sai rediyoyin kansu. Dole su zama gada tsantsa, su wuce da MAC na rautarka yadda yake. A airMAX na Ubiquiti WDS ake kunnawa, a MikroTik kuma station-bridge, wanda sai ɗaya ɓangaren ma MikroTik ne yake aiki. Idan rediyo tana yanayin rauta ita take yin PPPoE da kanta, to ba ma a fara maganar dami ba. Kada kuma ka saka ether1 da ether2 a cikin bridge ɗaya a rautarka. Ranar da kamfanin ya kawo layukan biyu na'ura ɗaya, ka ƙulla musu zobe ke nan, fakiti ya dinga zagaye har ya durƙusar da kai da maƙwabtanka na kan ƙarfen.

Rediyo biyu a rufi ɗaya a zangon gigahaz 5 suna toshe wa juna kunne, musamman lokacin turawa, wanda shi ne aikinka. A raba su da mita biyu ko uku, gara ɗaya sama ɗaya ƙasa, a nemi kamfanin ya nisanta tashoshinsu, faɗin tasha megahaz 20 ya isa ɗaukar megabit 20. Ka duba kuma kowace kafa ta hau a 100 ko 1,000 cikakke. Zafin Maris da Afrilu yana cinye rigar wayar da ba ta waje ba, ruwan Agusta ya shiga kan RJ45, kafa ta faɗo megabit 10, mutum ya yi ta zargin saba.

Maganar gaskiya, tambayi kuɗin layi ɗaya na 40 tukuna. Rediyo ɗaya mai kyau tana ɗaukar wannan ba tare da gumi ba, ta biyun ka bar ta a matsayin ta ko-ta-kwana. Ka lura ma, dalilin da ya sa aka kalli ƙarfe biyu shi ne kariya, dami kuwa yana tilasta komai ya koma na'ura ɗaya.

Injiniyan Bompai:

Na yarda da Mai Eriya a kan layi ɗaya na 40, sai dai maganar kariya ba ta tafi duka ba: idan rediyo ɗaya ta faɗi, dami yana ci gaba da layin da ya rage da adireshin IP ɗinsa, abin da ake turawa ba ya yankewa. Sharaɗin shi ne a gane mutuwar da wuri. Kafin a gane, rabin gutsattsari rami suke faɗawa, komai ya tsaya cik. LCP Echo ne yake gano wannan. A pppd `lcp-echo-interval 5 lcp-echo-failure 3` zai cire mataccen layi cikin kamar sakan 15, a MikroTik kuma keepalive-timeout ake ragewa.

Bari in ajiye lissafin girman fakiti, domin shi ne mataki na gaba da yake kama mutane: dami ya hau, ping yana tafiya, WhatsApp yana aiki, amma wasu shafuka su tsaya rabi. Ethernet bayit 1500 take ɗauka. PPPoE ya ci 6, PPP ya ci 2, saura 1492. Multilink yana ƙara kansa na bayit 4, da wasu 2 na lambar ƙa'idar da ke ciki, saura 1486. Wato fakitin IP da ya wuce 1486 dole a yanka shi kafin ya bi layi ɗaya. Wannan ba laifi ba ne, aikin MRRU ke nan, kuma idan ɓangarorin biyu suna yanka daidai za ka samu 1500 cikakke a kan dami, abin da PPPoE zalla ba ya ba ka. Matsala tana zuwa ne idan an kashe yankawa a wajensu, a Cisco `ppp multilink fragment disable`, ko wata na'ura a hanya tana zubar da manyan firem. Gwaji:

`/ping 8.8.8.8 size=1500 do-not-fragment`

A RouterOS size ya haɗa da kan IP. A Windows `ping -f -l 1472` ne daidai da shi, domin 28 na kan IP da ICMP ne. Idan 1500 bai wuce ba, sauko 1492, sannan 1486. Inda ya fara wucewa ka cire 40, shi ne MSS ɗinka, wato iyakar kayan da fakitin TCP ɗaya zai ɗauka: 1452 ko 1446. Ka saka shi da change-mss a mangle, sashen firewall mai sa wa fakiti alama ko gyara shi, a kan fakitin SYN da yake buɗe haɗi. MRRU kuma kada ka yi ƙasa da 1500.

Wani ƙaramin abu: idan ka ga zaɓi mai lamba 18, gajeriyar lambar jeri, gara a bar shi a kashe. Bit 12 ne, lamba 4,096 kacal. A megabit 40 da gutsattsarin bayit 750, sama da 6,600 ne suke wucewa a sakan ɗaya, lambar za ta zagayo cikin ƙasa da sakan. Doguwar bit 24 ce, ta haura miliyan 16. Bayit 2 da za ka tsira da su ba su kai wannan haɗarin ba.

Idan kuma amsarsu ta zo cewa sabar ba ta iyawa, ga abin da yake hannunka. Ka karɓi akawun biyu, ka yi pppoe-client biyu daban, ka raba zirga-zirga da PCC, dokar da take ba kowane haɗi layin da zai bi:

`/ip firewall mangle add chain=prerouting in-interface=bridge connection-mark=no-mark dst-address-type=!local per-connection-classifier=both-addresses:2/0 action=mark-connection new-connection-mark=layi1`

Na biyu 2/1 da layi2, sai mark-routing ga kowanne. A RouterOS 7 sai ka fara ƙirƙirar teburin da `/routing table add name=ta-layi1 fib` kafin mangle ya gan shi. Ka cire waɗannan haɗe-haɗen daga FastTrack, gajeriyar hanyar da rauta take wuce da fakiti, in ba haka ba fakiti za su tsallake mangle su bi hanyar da ba tasu ba. Na zaɓi both-addresses ne saboda shafukan banki: wasu suna korar mutum idan adireshinsa ya sauya a tsakiyar aiki.

Amma ka sani PCC haɗi yake rabawa, ba fakiti ba. Fayil ɗaya a haɗi ɗaya 20 zai samu. Dabarar ita ce manhajar da take yanka fayil ta tura shi ta haɗi da yawa a lokaci guda, kamar yadda rclone yake yi zuwa ma'ajin S3. Ga adireshin wannan ma'ajin kaɗai sai ka sa wata doka a sama mai both-addresses-and-ports, domin da both-addresses duk haɗin kwamfuta ɗaya zuwa saba ɗaya layi guda za su bi. Da haɗi huɗu zuwa takwas za ka ga layukan biyu sun cika.

Ɗan Zoo Road:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ranki ya daɗe Malama, na yi masa tambayar. Ya ce na kan ƙarfen ba za su iya ba, amma suna da Cisco a babban ofis, zai kawo layukan biyu can a VLAN biyu, ya kuma mayar da zaman 2. Awon da Mai Eriya ya ce na yi: matsakaici milisakan 6 da 9, babu asara a ping 1,000, mafi tsawo 41. Layi ɗaya na 40 sun ce sai an canja rediyo, don haka zan fara gwada damin. Ranar da ya ce ya gama, me zan fara dubawa?

Malama Kabuga:

Wannan awon zai ɗauki dami. Kafin ranar ka tambaye shi ko VLAN ɗin da tambari za su iso maka. Idan da tambari ne, ka ƙirƙiri vlan a kan ether1 da ether2 da lambobin da ya ba ka, ka sa sunayensu a interface na pppoe-client maimakon kafafun. Tambarin yana ƙara bayit 4 a firem, ka tabbata rediyoyin suna wuce da shi.

Ranar kuma ka fara da scan. Ac-name ɗaya ya fito a kafafun biyu; idan tsofaffin na kan ƙarfe suna amsawa har yanzu, ka rubuta sabon a gurbin ac-name don kada rautarka ta bi wanda ya riga amsawa. Sai rajista: mrru a tayinka da nasu, endpoint ɗinsu iri ɗaya sau biyu, CHAP Success sau biyu, IPCP sau ɗaya. Sai `monitor` ya nuna active-links: 2. Daga nan ka fara tura babban fayil, ka bar shi minti goma, shi kuma ya buga `show ppp multilink` a farko da ƙarshe ya karanto maka lost fragments da reordered. Reordered ya yi ta hawa, ba komai, aikinsa ke nan. Lost fragments ne bai kamata ya motsa sosai ba. Iyakar gudun akawun ɗin ma ka tuna masa: yanzu a kan dami take zama, idan ya bar ta a 20 to 20 za ka gani ko layi nawa ne a ciki. Daga ƙarshe, fayil yana tafiya ka zare wayar ether2, ka ƙirga sakan nawa ya tsaya kafin ya ci gaba, ka mayar, ka ga ko ta koma cikin damin da kanta.